Gayyar da Muka Yi wa Mai Rigunan Karnuka

Shekarun da na yi ina aikin intanet, babu abin da idona ya fi gani kamar karnuka sanye da riguna. Wata Baturiya ce take ɗinka su a can ƙasarsu tana sayarwa: rigar sanyi, rigar ruwa, har da 'yar hula mai ƙofar kunnuwa. Kuma ana saye, don kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Takan sa wa karen riga ta ɗauke shi hoto a falonta, a bayansa ga kujera, ga takalmi, ga wayar caji a yashe a ƙasa, sai ta turo mini. Aikina shi ne in goge duk abin da ke bayan karen, in bar shi shi kaɗai a kan fari tas, yadda za ta jera shi a shagonta na intanet. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ban taɓa jin muryarta ba, amma na san kalar labulenta, na kuma san lokacin da ta sauya kafet.

A Talata Mafara aka haife ni, a gidan malamai, inda kare ko ta ƙofar zaure ya gifta sai an bi shi da tsaki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu kafin in fara wannan sana'a, don haka ban sha wahalar yi masa bayani ba. Inna ce wata rana ta gaji da ganina a duƙe a kan kwamfuta, ta ce in nuna mata abin da yake hana ni cin tuwo da zafinsa. Na juya mata fuskar kwamfutar. Ta daɗe tana kallon wani ɗan guntun kare cikin jar riga mai maɓallai.

"Wanga kare ya hi mu sutura," in ji ta. "Kuma halas na abin da kaka samu?"

"Hoto na, Inna. Hoto ba shi da miyau."

"To. Ka dai wanke hannu kahin ka taɓa mani kwano."

Inda nake samun aikin wani dandali ne a intanet, wanda ba shi da maraba da bakin kasuwarmu da sassafe, inda 'yan ƙwadago suke tsayawa da fartanya a kafaɗa suna jiran mai gona ya zo ya nuna su da yatsa. Masu ƙananan sana'o'i na ƙasashen waje, waɗanda ba za su iya ɗaukar ma'aikaci na wata-wata ba, su ne suke kawo 'yan ayyukansu: a gyara hoto, a buga rubutu, a jera sunayen kaya. Mu kuma talakawan duniya mu yi ta karya wa juna farashi. Kowa yana da akawun ɗinsa, da hoton fuskarsa da na katin shaidarsa a ajiye a wurin masu dandalin. Idan ka yi aiki mai shi ya ji daɗi sai ya ba ka taurari, kuma da taurarin nan ake kallonka. Wanda ba shi da su, ko kyauta ya ce zai yi babu mai waiwayarsa. Na daɗe ina aikin da ko kuɗin data ba ya mayarwa kafin in tara nawa. Da Baturiyar nan ta same ni ta zauna da ni, sai na ajiye koyarwar da nake yi a wata makarantar kuɗi, inda albashi yake zuwa ranar da mai makaranta ya tashi da fara'a. Abin da take ba ni a kan hoto ɗaya na tabbata bai kai kuɗin shayinta ba, amma idan ya juye ya zama naira yana kawo masara gida.

Da farko nakan gaishe ta yadda aka koya mini: ina kwana, ya gida, ya iyali, ya sanyi, har karnukan nakan tambaya. Ita kuwa sai ta watso hotuna da kalma ɗaya tal. Abin ya riƙa ƙona mini rai, kafin in gane ba wulaƙanci ba ne, ba ta san ana yi ba ne. Na rage, amma ban iya dainawa gaba ɗaya ba.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da Yaya. Ni aka tura boko, shi kuma tun yana saurayi ya koma Janbako, a ƙasar Maradun, ya riƙe gandun kakanmu. A can ya yi aure, a can aka haifa masa 'ya'ya. Duk kaka sai mota ta sauke mana dawa da gero a ƙofar gida, kuma ba a taɓa cewa wannan buhun na wane ne ba, don a gidanmu abin da gandu ya bayar na kowa ne. Sannan mutanen daji suka matso. Suka fara da cewa sai an biya kafin a shuka, suka koma sai an biya kafin a girbe, daga baya suka ga ɗaukar manomin ya fi ɗaukar hatsinsa riba. Da rana tsaka suka ɗauke maƙwabcin gonar Yaya yana cikin huɗa. Danginsa suka sayar da shanun noma, suka sayar da gida, suka kai, mutumin kuma bai dawo ba. Ranar da labarin ya iso, Inna ta aika wa Yaya cewa in dai ita ta haife shi, ya fito.

Ya fito. Ya ajiye matarsa da yara a gidan surukansa a cikin garin Maradun, shi kuma ya riƙa kai-komo tsakanin can da Mafara, ba shi da aikin fari balle na baƙi. Mutumin da ya saba isa gona kafin rana ta fito, sai ga shi a zaure yana ta gyaran ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta. Ba ya ƙorafi, amma duk hirar da aka ɗauko sai ta ƙare a gonar nan: wane ɓangare ne yake son taki, a wane ne ruwa yake kwanciya. Inna ta kira ni ɗakinta.

"Ka ga ɗan'uwanka," ta ce. "Ka sama mai abin yi cikin abin ga naka. In yaz zamna hakanga, ruwa na sauka komawa za shi yi, kuma in yak koma ba ni ƙara ganinai."

Daga ranar na san abin da nake yi wa aiki. Ba masara kaɗai ba ce, so nake in riƙe Yaya a gari.

Na samo masa waya ta hannu mai faɗin fuska, na zaunar da shi. Matsalar farko, wayar ba ta jin yatsansa saboda kanta. Ya shafa, ya shafa, ita ko gezau. Sai da na nemo masa ɗan alƙalamin roba. Matsala ta biyu kuwa, hannunsa ya saba da sara. Ya goge kujera ya haɗa da kunnen kare, ya goge takalmi ya tafi da ƙafa.

"Yaya, ka guntule mai wutsiya."

"To mi za shi yi da ita? Ba riga aka saidawa ba?"

"Mai abin na son karenta cikakke."

"Allah shi kyauta," ya ce, ya sake daga farko.

Bai taɓa zama mai sauri ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya gwanance ba. Amma yana da haƙurin zama, kuma in ya ce ya gama to ya gama. Na riƙa ba shi karnuka masu kwantaccen gashi, ni ina fama da masu buzu-buzu, waɗanda sai an bi su sili-sili. Ba ya karanta Turanci, amma ya haddace inda ake dannawa a sauko da hoto da inda ake dannawa a mayar. Da ya koma Maradun wurin iyalinsa, sai na ba shi lambar sirrin akawun ɗina, ya riƙa shiga daga can yana ɗaukar rabonsa kai tsaye, don in na sauko da hoto na sake tura masa, data takan ƙone a banza, hoton kuma ya dushe. Ban ga wani abu a ciki ba. Shekara da shekaru yana noma ina ci, bai taɓa sa wa rumbu kwaɗo ba.

Daminar nan Yaya bai koma Janbako ba. Ranar ruwan shuka yana Mafara, na gan shi tsaye a ƙofar zaure yana shaƙar ƙamshin ƙasa, hannuwansa a baya. Ya daɗe a haka, sannan ya dawo ya zauna a tabarma ya jawo wayarsa. Inna tana leƙensa ta labule. Da yamma ta sa aka yanka zakara, ba Sallah ba suna. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara ganin kaina wani abu a gidan.

Bayan kaka, lokacin da sanyin ƙasarsu yake gabatowa kasuwarta take buɗewa, Baturiyar ta turo saƙo cewa ta ɗinka sababbin kaya, hotuna sun taru jibgi, kuma tana son su cikin 'yan kwanaki. Idan ba zan iya ba in faɗa mata ta raba wa wasu. Na san halin dandalin nan: ta ɗanɗana wani mai araha, shi ke nan na zama labari. Na kira Yaya na gaya masa ko mun daina barci ba za mu gama ba. Ko jinkiri bai yi ba ya ce, "A kira gayya mana."

Haka muka tashi muka ga ana yi. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya sanar da 'yan'uwa da abokai su zo da fartanyoyinsu a taya shi, ba biya, sai fura da tuwo. Kuma akwai abin da ba a tsallakewa. Can da rana ta take, mai gona zai zagayo ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana yi musu sannu, yana ganin fuskar kowa, don ya san wanda ya zo masa, ranar tasa shi ma ya je. Wanda ya hango mai gona ya laɓe, to ko dai bai yi aiki ba ko ya yi ɓarna.

Mutum ɗaya muka sani da zai iya wannan irin noma, taubashina na Bakura, ɗan kawunmu. Manomin albasa ne a fadama, amma a gefe yana haɗa wa mutane katin biki da na walima a wayarsa, don haka hannunsa ya faɗa. Na kira shi na yi masa bayani. Sai da ya gama dariyarsa tukuna.

"Ashe gaskiya na, ɗan malam ya koma wankan karnuka."

"Kai da kaka warin albasa rani da damana, har ka samu bakin magana?"

"Turo mani lambar. Amma ranar cirar albasa ina jiranka, da alƙalaminka na roba."

Inna ta ɗauki abin da gaske. Ta ce ba a gayya da yunwa. Ta dama fura ta ba ɗan kabu-kabu ya kai Bakura, ta sa wata a motar Maradun. Na ce mata aikin nan fa a zaune ake yin sa. Ta ce ko a kwance ake yi, sunansa gayya.

Ni ina shagon mai caji a bakin tasha, inda janareta ba ya mutuwa. Taubashi yana gindin mangwaro a bakin gonarsa, inda ya ce sabis ya fi ƙarfi. Yaya yana zauren surukansa. Dukanmu a cikin akawun ɗaya, kowa yana ɗauka yana mayarwa, ni kuma ina kallon tarin yana raguwa. Lokaci-lokaci taubashi ya kira ya yi wa wani kare kirari, ko ya ce ya samu wanda ya yi kama da ni. Ban tuna wasu kwanaki da na ji daɗin aikin nan kamar su ba.

Ranar da za mu kammala, bayan Azahar, wayata ta yi ƙara. Yaya ne, muryarsa a sake, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sai da ya gaishe ni tsaf, ya tambayi Inna, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen tasha, sannan ya ce, "Albishirinka."

"Goro."

"Mai gona ta zagayo."

"Wace mai gona?"

"Baturiyar mana. Ina cikin aiki sai wayar tat tsaya, tab buɗe kyamara, ga zane kamar ƙwai da kan mutum ciki. Nig gane huskar mai aiki aka son gani. Nic ce ba ta ganina da rigar zama. Nis shiga niɗ ɗauko rigar Juma'a da hula, nid dawo nit tsaya. Kibiya tan nuna dama nij juya, tan nuna hagu nij juya. Har sannu niy yi mata, ko tana ji. Ka shirya, wataƙila yanzu ta iso wurinka."

Nan take na gane. Ba Baturiya ba ce. Na'urar masu dandalin ce ta ga ana shiga akawun ɗaya daga garuruwa daban-daban da wayoyi daban-daban, sai ta nemi ganin fuska don ta gwada da wadda ke jikin katin shaidata. Da a kaina ta faɗo, da na nuna an wuce wurin. Sai ta faɗo a kan Yaya. Ina riƙe da waya a kunne na danna kwamfuta, sai ga jan rubutu cewa an rufe akawun ɗin har abada.

Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na rasa kalmar da zan kama. In ce masa me? Don me ka nuna fuskarka? Don me ka sa riga mai kyau? Abin da duk ɗan mutunci zai yi shi ya yi. Na ce masa madalla, ya huta haka nan, sauran zan ƙarasa. Ya ce in gaida Inna.

Na rubuta wa masu dandalin. Na tattaro duk Turancin da na koya wa yara, na yi bayani cewa wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba ɓarawo ba ne, ni na ba shi lambar da hannuna. Na yi bayanin gandu, na yi bayanin gayya. Kafin in ɗauke yatsana amsa ta dawo, da saurin da babu ɗan Adam ɗin da zai iya karanta abin da na rubuta. Wai na saɓa ƙa'ida, akawun na mutum ɗaya ne, hukuncin ba ya canzawa. Na sake rubutawa da lallashi, amsar nan ce. Na rubuta da zagi, ita ce dai, ko waƙafi bai sauya ba. An ce ƙa'idar tana cikin dogon rubutun nan da ake dannawa a wuce ranar buɗe akawun. Wataƙila tana nan. Ni dai har gobe ban ga laifin da muka yi ba: aiki aka ba mu, muka yi shi da kyau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ƙofar da zan je in yi sallama. A garinmu ko me ka yi akwai wanda za a kai ka gabansa, mai unguwa ko liman ko wani dattijon da ake jin kunyarsa. Ko mutanen daji, duk da rashin imaninsu, ana samun wanda zai je ya yi magana da su. Waɗannan kuwa babu kowa a ciki.

Taurarin da na tara suka tafi da akawun ɗin. Hirarmu da Baturiyar ma a ciki take, ba ni da lambarta. Na bi diddigi na gano shagonta, na tura saƙo ta inda masu saye suke tambayar farashi. An daɗe kafin ta amsa. Ba ta yi faɗa ba, ta ma ce ba ta ji daɗi ba. Ta ce da ta neme ni ta rasa, wata ƙawarta ta nuna mata manhajar da take goge bayan hoto da kanta, kuma ta ga ta ishe ta. Taubashi ya sauko da manhajar, na je Bakura ya gwada a gabana a kan kare mai buzu-buzu, irin wanda yake cinye mini rabin hantsi. Ya danna, kafin ya ɗago kai kare ya fito tas da gashinsa sili-sili. Ranar ko tsokanata bai yi ba. Ya cika mini leda da albasa ya raka ni bakin titi.

Na tafi Maradun na gaya wa Yaya baki da baki. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa na'ura ce, ba ta da hankali, ko ba shi ba wata rana abin zai faru. Ya bari na gama.

"Ke nan da nil laɓe, da har yau muna ci," ya ce.

"Ba haka na ba, Yaya."

"Haka na. Huskata ta tar ruhe muna ƙohwa."

Babu yadda ban yi ba don in cire masa wannan daga rai, amma ya zauna.

Muka yi ta shure-shure duk ranin nan. Ni ba zan iya buɗe sabon akawun ba, don katina yana cikin na waɗanda aka kora. Muka buɗe da na Yaya, muka sa farashin da ya fi na kowa ƙasa. In duba da safe, in duba da yamma, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Aikin goge hoto ya riga ya mutu. Na koma neman na buga rubutu, na tarar mutanen wasu ƙasashe sun cika wurin, masu wuta dare da rana da taurari jibgi. Ƙarshe na koma wurin mai makaranta ina sosa ƙeya, ya karɓe ni bayan ya tuna mini yadda na tafi. Abin da yake bayarwa bai riƙe gida ɗaya ba balle biyu. Yaya ya gwada ƙwadago a fadamar Bakura, taubashi ya yi masa hanya, amma waɗanda suka gudo daga ƙauyuka sun cika ko'ina, masu fartanya sun fi gonakin yawa. A gidan surukai babu wanda ya ce masa komai, sai dai kwanon da ake miƙo wa yaransa ya fara raguwa, kuma yana gani.

Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai ya zo Mafara ya kwana. Da hantsi ya shiga wurin Inna ya durƙusa a bakin tabarmarta, ni ina tsaye a ƙofa. Tana tsintar shinkafa a faifai.

"Inna, izini niz zaka nema. Za ni koma Janbako."

Ba ta ɗago ba. "Ban ba ka ba."

"Waɗanda sunka koma sun ce an daidaita. In anka biya ana bari a shibka."

"Maƙwabcinka bai biya ba?"

"Ya biya."

"To?"

"Inna, ɗiyana na kallon hannun mutane. Na zamna kamar yadda kinka ce. Ƙanena ya yi iyakar ƙoƙarinai, ni niɓ ɓata. Ba ni da wata sana'a sai wagga."

Ta juyo ta kalle ni, irin kallon da yake tambaya ko akwai sauran dabara a cikin kwamfutar nan. Na sunkuyar da kai. Da akwai da na faɗa, ko ta ƙarya ce, amma na duba ban samu ba. Ta koma kan faifanta ta ci gaba da tsinta, tsakuwa da shinkafa duk wuri ɗaya take zubawa. Ba ta ce ya tafi ba, ba ta kuma sake cewa kada ya tafi ba.

Talata ce, ranar kasuwa. Ya sayar da babbar wayar ya sayi iri da ɗan taki, ya riƙe ƙaramar tasa ta da. Matarsa da yara za su zauna a Maradun, shi kaɗai zai shiga. Na ɗauki buhun irin na raka shi tasha. Hanya cike da mutane, ana ta gaishe shi, yana amsa wa kowa da cikakkiyar gaisuwa kamar babu abin da ke gabansa. Da aka ɗaure kayan a bayan mota, sai ya ja hannuna gefe, bayan rumfar mai shayi.

"Magana ɗaya za ni bar ma," ya ce. "In sunka ɗauke ni, kai za su kira, don lambarka kaɗai nih haddace. Kak ka sai da gidan Inna. Kak ka bi dangi kana roƙo. Kak ka ma ɗauki wayar."

"Yaya, wace irin magana ta wagga?"

"Ba ni son a rasa ni a rasa wurin kwana. Ka yi mani alkawali."

Na ce ba zan yi ba. Na ce Allah zai tsare, na ce ya bar yi wa kansa mugun fata, na ce duk abin da ake cewa. Bai saki hannuna ba. Direba yana ta danna hon, fasinjoji suna leƙowa, shi kuwa yana tsaye yana kallona, ya ƙi motsi sai na faɗa. Na ce na yi alkawari. Ya ce Allah shi yi albarka, ya shiga mota ya matsa wa wani tsoho wuri.

A can sabis sai an hau tudu, don haka yakan daɗe bai kira ba. Inna ba ta san da alkawarin nan ba. Kullum ina aji ina koyar da yara da wayata a aljihu. Idan ta yi ƙara na ga lambar da ban sani ba, sai in ajiye alli in tsaya ina kallonta har ta yanke.